Ranar Da Na Yi Gardama Da Manhajar Riɗi

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ranar da na miƙe tsaye a gaban mutum goma sha ɗaya, cikin sabuwar shadda mai maiƙo, na ce kwamfuta ta yi kuskure. Har yau in na wuce ƙofar ɗakin taron ofishinmu sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, kamar jiya aka yi abin.

Bari in faro muku daga tushe. Ina aiki ne a wani kamfanin fitar da amfanin gona da ke Gyadi-Gyadi, a wani bene da bai da nisa da titin Zariya. Riɗi muke saya, da zoɓo da citta, mu tace, mu zuba a kwantena, a kai Legas, jirgin ruwa ya wuce da su. In ka ji haka sai ka ɗauka saye da sayarwa ne irin na kowa. Wahalar tana wani wurin daban. Mai saye a ƙasar waje yakan ƙulla da mu watanni kafin a loda kaya, a tsayar da farashi, a tsayar da rana. Daga ranar nan kuma kasuwa ba ta jiran kowa. Riɗi ya hau a kasuwar Dawanau, dala ta motsa, tirela ta lalace a hanyar Lokoja. In ka yi alkawarin abin da ba ka da shi a sito, dole ka faɗa kasuwa ka saya ko nawa ne, dillalai kuwa suna gane mai gaggawa tun daga yadda ya faka motarsa. Saboda haka duk ofishinmu a kan tambaya ɗaya yake tsaye: tan nawa muka yi alkawari, tan nawa muke da shi a ƙasa?

Shekara goma sha ɗaya ni ne mai amsa wannan tambayar.

Ni ba injiniya ba ne. Tattalin arziki na karanta, sai wani kwas ɗin kwamfuta na wata uku da na yi a wani shago a Tarauni. Da na fara aiki na tarar komai a manyan littattafai ake rubuta shi, sai na zauna na haɗa wani fayil mai layuka da ƙananan akwatuna, wanda in ka zuba masa adadin buhuna zai tara maka da kansa. Ranar da na nuna wa Alhaji, mai kamfanin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe injiniya muka ɗauka ba mu sani ba." Sunan ya bi ni ke nan. (Ban taɓa gyara wa kowa ba. Har a gidan surukaina Injiniya ake ce mini, kuma sau biyu ana kirana in duba janareto.) Kullum da safe Alhaji zai leƙo ya ce, "Injiniya, ina muka kwana?" Ni kuma in gyara zama, in ɗan tsuke fuska kamar likita, in faɗa masa.

Abu ɗaya ne ya riƙa ba mu ciwon kai. Tun da muka buɗe babban sito a Hotoro, shekara huɗu kafin waccan Talatar, duk ƙarshen kaka sai a ga riɗin da ke ƙasa bai kai abin da fayil ɗina ya ce ba. Mai kula da siton wani dattijo ne, Baba Hamisu, wanda ya yi wa mahaifin Alhaji aiki tun kafin a haife ni. Duk shekara sai a kira shi ofis. Yakan zo da wani ƙaramin littafi da ya sha hannu, ya ce, "Alhaji, riɗi in an tace shi yana raguwa. Ƙasa ta fita, tsakuwa ta fita, ƙaiƙayi ya fita." Ni kuma in ce, "Baba, ai duk wannan yana cikin lissafi. Kwamfuta ba ta ƙarya." Ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo a fili, saboda furfurarsa. Amma an canja masa kwaɗo sau biyu, an ƙara mai gadi, an kuma karɓe mukulli ɗaya daga hannunsa an ba wani.

To, sai bara Alhaji ya ce kasuwancin ya fi ƙarfin fayil ɗaya a kwamfutar mutum ɗaya. Bankin da ke mara mana baya ma ya matsa, yana son ya riƙa ganin halin da kaya suke ciki. Za a kawo sabuwar manhaja wadda za ta haɗa sito da ofis da kwangila da hanya wuri guda. Na yi murmushi na ce, "Madalla, ci gaba ne." A raina kuwa cewa nake, mu ga wanda zai fi ni sanin riɗin gidan nan.

Na zata wasu masu kwat za su sauko daga jirgin Legas. Sai ga wata 'yar siririyar mata ta sauka daga adaidaita sahu da jakar goyo, ta gaishe da masu gadi ɗaya bayan ɗaya da Hausar da ta fi tawa Kananci. Sunanta Madam Rifkatu. Iyayenta mutanen Kudancin Kaduna ne, mahaifinta malamin makaranta, amma a Tarauni aka haife ta, a nan ta tashi. Ita ce shugabar waɗanda za su dasa mana manhajar.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, sati uku na farko ba ta ma cika zama a ofis ba. Tana Dawanau, tana Hotoro, zaune a kan buhu kusa da Baba Hamisu, tana tambayarsa yadda ake gane riɗin da ya sha raɓa, da dalilin da ya sa na wani gari ya fi na wani tsakuwa. Takan dawo da ƙura har gira. Ta nemi fayil ɗina, na ja mata rai kwana huɗu kafin na ba ta. Bayan nan sau uku tana leƙowa ofishina.

"Injiniya, in ka samu minti ashirin ina so mu duba wani abu tare a shafin Hotoro."

"Madam, yau kam aiki ya yi mini yawa. Gobe in Allah ya kai mu."

(Aikin da ya yi mini yawa a karo na uku, in ban manta ba, karanta labarin ƙwallo ne.)

Gaskiya ita ce tsoron abin nake ji, domin na riga na gan shi yana aiki. Wata ranar Alhamis na shiga ɗakin taro neman abin cajin waya, na tarar da ita ita kaɗai a gaban babban allo. Ta kira Hotoro a waya ta ce wa direba ya hau sikeli, wato babban ma'aunin nan da mota ke hawa da kayanta. Ina tsaye a Gyadi-Gyadi, tirela tana can Hotoro, sai na ga lamba ta canja a allon da kanta, ba wanda ya taɓa komai. Ni wannan lambar sai washegari take iso ni, a rubuce a takardar da ta sha gumi a aljihun direba. Ta buɗe taswira, ga motocinmu nan 'yan ɗige-ɗige suna rarrafe, ɗaya ta wuce Kaduna, ɗaya tana tsaye a Lokoja da alamar rawaya a kanta. Sannan ta ja wani ɗan maɓalli, ta ce, "A ce riɗi ya ƙara kuɗi kaza a sati mai zuwa." Nan take duk kwangilolinmu suka sake launi, wasu kore, wasu ja, kowace tana nuna yadda za ta kasance. Aikin da nake kwashe kwana biyu ina yi, har in sha maganin ciwon kai, abin nan ya yi shi kafin in ƙifta ido.

Ji na yi kamar shekara goma sha ɗaya ina leƙen kasuwancinmu ta ramin mukulli, yau wani ya buɗe ƙofar gaba ɗaya. Ta juyo ta ce, "Ya ka gani?" Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ba laifi." Na fita ban ma ɗauki abin cajin ba.

Ranar Talatar da nake ba ku labari ita ce ranar da za a nuna manhajar a hukumance. Alhaji yana kan kujerar tsakiya, ga ƙaninsa da suke haɗin gwiwa, ga mutum biyu daga banki, ga masu saye mana kaya a kasuwa, ga Baba Hamisu a can ƙarshen tebur da ɗan littafinsa a cinya. Madam Rifkatu ta yi ta nuna abubuwa, mutanen banki suna gyaɗa kai suna rubutu. Sai ta iso shafin riɗi. Wani jan layi ya fito a sama. Ta ce, "Alhaji, a nan akwai magana. Kwangilar da za a loda nan da sati biyar, bisa abin da ke ƙasa, za mu gaza da kusan tan ɗari da arba'in."

Alhaji ya juyo a hankali ya dube ni, domin da safiyar ranar nan na ce masa muna da rarar tan talatin.

Mai hankali a nan zai ce, "Bari a bincika." Ni miƙewa na yi. Na gyara hula. Na yi jawabi, jama'a, jawabi sosai. Na ce ba na ƙin ci gaba, amma riɗi ba a allo ake saninsa ba. Na ce manhajar da aka kawo jiya ba za ta koya wa wanda ya shekara goma sha ɗaya a cikin buhuna lissafi ba. (Ni da rabona da shiga sito tun ranar da aka buɗe shi aka yi addu'a.) Na rufe da cewa a ba ni wayar majigi in nuna wa kowa gaskiya.

Madam Rifkatu ta matso kusa da ni ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Injiniya, don Allah mu bar shi sai an tashi. Mu duba mu biyu."

Na ɗauka tsoro ta ji. Na ɗaga murya na ce, "A'a Madam, a nan aka faɗa, a nan za a warware."

Ta dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da ake yi wa wanda ya dage sai ya tsallaka titi ba ta gada ba. Sannan ta miƙo mini wayar.

Abu na farko da ya fito a allon, da manyan baƙaƙe, shi ne sunan fayil ɗin: "Na ƙarshe na gaske kada a taɓa 7". Ɗaya daga mutanen banki ya yi tari a cikin hankicinsa. Na share, na buɗe shafin Hotoro, na nuna jimilla da yatsa. Ga ta nan, rarar tan talatin. Na koma na harɗe hannu.

Ta ce, "Ka ba ni izini in taɓa?" Na ce bisimilla. Ta gangara ƙasa zuwa layin da na rubuta wa "ragin tacewa", wato abin da ake cirewa saboda ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayin da injin tacewa ke fitarwa. Ta nuna na tsohon sitonmu da ke Dawanau, ga lissafinsa daidai, ana cire buhu biyar zuwa shida a kowane ɗari. Ta matsa zuwa na Hotoro. Sifili ne zaune a wurin. A kusurwar akwatin kuma akwai wani ɗan jan ɗigo, alamar an bar rubutu a ɓoye. Kafin ƙwaƙwalwata ta gama tuna abin da ke ciki, 'yar kibiyar kwamfutar ta hau kansa, rubutun ya buɗe da kansa a allon da ya kai faɗin ƙofa:

"Lissafin nan ya ƙi yi. Na sa sifili na wucin gadi. Zan gyara bayan Sallah in sha Allahu."

A ƙasa ga sunana, ga kwanan watan, shekara huɗu cif da suka wuce.

Sai na tuna. Azumi ne, ana zafi, an buɗe siton Hotoro ana ta sauri, na kwafo shafin Dawanau lissafin ya rikice, la'asar ta yi, yunwa ta hana ni tunani. Na sa sifili na ce in an yi Sallah na dawo kansa. Ban dawo ba.

Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ina jin gumi yana bin bayana a cikin shaddar nan. Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake karanta rubutun da ƙarfi, kalma bayan kalma, har da "in sha Allahu". Sannan ya ce, cikin natsuwa, kamar mai neman ƙarin ilimi:

"Injiniya, wace Sallar? Ƙarama ko babba?"

Ƙaninsa ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Na banki da ya yi tari ɗazu ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na yi ƙoƙarin yin murmushi, leɓena ya manne a haƙori.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Madam Rifkatu, wadda ta yi sauri ta rufe rubutun, da Baba Hamisu. Shi buɗe ɗan littafinsa ya yi, ya lasa yatsa ya juya shafi, ya ce, "Alhaji, ni a nawa, in an gama tace na Hotoro, abin da zai rage ya gaza da tan ɗari da talatin da takwas." Madam Rifkatu ta ce, "Manhaja ta ce ɗari da arba'in, Baba. Bambancin shi ne motar da ta shigo yau da safe, ba ta hau nan ba tukuna lokacin da na buɗe." Ta danna wani abu, lambar ta sauka ta zauna a kan ɗari da talatin da takwas.

A nan dariyar ta ɗauke. Kowa ya juya yana kallon tsohon nan da biro ɗinsa mai cizajjen kai. Na'urar da aka haɗa da sikeli da tauraron ɗan'adam, da dattijon da ke ƙirga buhu da ido, sun faɗi lamba ɗaya. Ni kaɗai ne a tsakiyarsu da sifilina. Shekara huɗu ana kallon mutumin nan da wani ido, ana canja masa kwaɗo, alhali ɓarawon riɗin yana zaune a cikin kwamfutata, ni na ajiye shi da hannuna.

Alhaji bai ƙara bi ta kaina ba. Ya ce, "Madam, yanzu mene ne abin yi?" Ta buɗe wancan shafin mai maɓalli, ta nuna masa yadda abin zai kasance in an cike giɓin a wannan satin a hankali, ta hannun masu saye uku don kada kasuwa ta farga, da yadda zai kasance in an bari sai kwana goma kafin lodi. Na farkon ciwo ne da za a iya jurewa. Na biyun zai iya cinye ribar kakar gaba ɗaya, ya haɗa da sunanmu a wurin mai sayen. Kafin azahar an raba aiki. Cikin kwana tara aka cike, kuma bayan sati biyu riɗi ya yi tashin da in da mun jira, da yanzu wani labarin nake ba ku, daga wani wurin aikin.

Da yammacin ranar na tambayi gidan Baba Hamisu a Ƙauyen Alu. Na same shi a ƙofar gida yana alwala. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, kalmomin suna harɗewa. Ya bari na gama, ya goge fuska, ya ce, "Tashi, ɗana. Ni na san ban ɗauka ba, Allah ya sani, shi ya sa nake barcina. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Shekara huɗu ina faɗa maka riɗi yana raguwa, ba ka taɓa cewa in zo mu ƙirga tare ba." Ya sa aka kawo mini ruwa. Na sha, na yi masa sallama kaina a sunkuye. Washegari Alhaji da kansa ya je Hotoro ya mayar masa da mukullinsa a gaban leburori.

Ni na shirya wa kora. Har na fara kwashe 'yan takarduna. Sai Alhaji ya kira ni ya ce daga yau zan zauna kusa da Madam Rifkatu in koyi manhajar ciki da waje, domin in sun gama sun tafi ni zan riƙe ta. Daga baya na ji ita ta nemi haka. Da na tambaye ta dalili, ta ce, "Fayil ɗinka ne ya koya mini kasuwancin gidan nan. Yawancin ƙa'idojin da muka zuba a manhajar daga ciki na ɗebo su. Akwati ɗaya ne ya lalace a cikin dubbai. Matsalar ita ce kai kaɗai kake ganinsa, ba mai duba bayanka." Wannan maganar ta fi dariyar ɗakin taro sa ni jin kunya, domin ni ban taɓa faɗin alherinta ko sau ɗaya ba.

Wata huɗu na yi ina koyo, kuma har yau ban daina mamakin abin ba. Wani lokaci nakan zauna kawai ina kallon motocin nan suna tafiya a taswira, ina kallon lamba tana canjawa saboda wani direba ya hau sikeli a Hotoro. Yanzu duk sati ina zuwa sito da ƙafata. Baba Hamisu ya koya mini damƙar riɗi in ji ko ya bushe.

Kafin su tafi, Madam Rifkatu ta ƙara wani abu a manhajar. Duk wanda ya sa lamba da hannu na wucin gadi, sai ya rubuta ranar da zai gyara, da rana da wata da shekara. In ranar ta zo bai gyara ba, saƙo zai tafi wayarsa da ta Alhaji. Sunan abin a manhajar wani dogon Turanci ne da ba mai iya riƙewa. A ofis kowa "Sallar Injiniya" yake ce masa, har sababbin ma'aikatan da ba su san asalin maganar ba.

Abin da na koya bai da yawa. In wanda ya fi ka sanin aiki ya matso kusa da kunnenka ya rage murya ya ce ku bari sai an tashi daga taro, ba tsoronka yake ji ba, mutuncinka yake ƙoƙarin ɗauke maka daga tsakiyar titi. Ka ce "to", ka koma ka zauna.